Daga Lome zuwa Sinkase: Jagorar Shiga Togo da Bin Hanyoyinta

In ka shigo Togo daga gabas da hantsi kana bin bakin teku, kafin azahar ka fita ta yamma ka faɗa Ghana. Gaɓar tekunta kaf kilomita hamsin da 'yan kai ce. Amma in ka ba teku baya ka nufi arewa, sai ka wuni cur a mota, fiye da kilomita 600, kafin ka hango iyakar Burkina Faso. Rayuwar ƙasar ta rataya ne a kan abu biyu: tashar jiragen ruwa ta Lome, da titi guda da ya tashi daga bakinta ya miƙe har Sinkase, garin da ke bakin iyakar Burkina Faso. Na rubuta wannan jagora domin mai zuwa saro kaya, da mai ɗauko mota, da mai rakiyar kwantena, da wanda zai je gaida dangi a zango.

Mataki na farko: zana ƙasar a kanka kafin ka tashi

Faɗin ƙasar Togo bai wuce murabba'in kilomita 57,000 ba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan 8, fiye da miliyan 2 daga cikinsu a Lome da kewaye. Ghana ce a yamma, Benin a gabas, Burkina Faso a arewa. Siririntarta tana da tarihi. Jamusawa ne suka kafa mulkinsu a nan tun 1884, bayan yaƙin duniya na farko Ingila da Faransa suka raba ta, ɓangaren Ingila ya haɗe da Ghana bayan ƙuri'ar 1956, ɓangaren Faransa kuma ya sami 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960. Babban birnin kuma manne yake da iyakar Ghana. Daga tsakiyar Lome da ƙafa ma kana iya isa Aflao, ƙofar shiga Ghana.

An kasa ƙasar yanki biyar, jere daga kudu zuwa arewa: Maritime mai hedikwata a Tsevie, Plateaux a Atakpame, Centrale a Sokode, sai Kara, sai Savanes a Dapaong. Jerin duwatsu ya ratsa ta a karkace, daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuma mafi tsayinsu shi ne dutsen Agou kusa da Kpalime, mita 986. Waɗannan duwatsun su ne wahalar direban babbar mota, za mu zo kansu.

Damina ma ba ɗaya ba ce. Kudu tana samun ruwa sau biyu, babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Arewa kuwa irin tamu ce, damina ɗaya daga Mayu zuwa Oktoba, sannan hunturu da hazonsa. Kada ka raina ruwan kudu. A 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape da ke kan babban titin arewa, sai da kayan ƙasashen Sahel suka yi cirko-cirko. Ƙasar da ke da titi ɗaya, gada ɗaya tana iya tsayar da ita.

Mataki na biyu: takardu, kuɗi da agogo

Ɗan Najeriya da ɗan Ghana ba sa buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba su kwana 90. Togo tana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ma, domin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema ne suka yi ta zawarcin sauran shugabanni har aka sa hannu a Legas a 1975. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma har yanzu tana cikin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, UEMOA, tare da Togo. Duk da haka shawarata ga kowa ita ce ya riƙe fasfo mai rai, kuma ya tsaya a buga masa tambarin shiga. Masu ce maka "zo mu zagaya da kai ta baya" suna da yawa a kowace iyaka. Dubu biyun da ka tsira da ita yau, ita za ta zame maka abin da-na-sani ranar fita, lokacin da jami'i zai buɗe fasfo ya ga babu alamar ka taɓa shigowa.

Katin allurar shawara wajibi ne. Ka yi allurar da gaske a inda hukuma ta amince, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin sai bayan nan katin yake fara aiki. In da mota za ka shiga, sai ka haɗa da lasin tuƙi, da takardun motar, da inshorar ECOWAS da ake kira Katin Ruwan Ƙasa, sannan a iyaka 'yan kwastan su ba ka takardar izinin shiga da mota ta wucin gadi. Duba ranar ƙarewarta ka rubuta a wani wuri. Mai zuwa ta jirgin sama kuma akwai fom na shige da fice da ake cikewa ta intanet a shafin gwamnatin Togo kafin a tashi.

Kuɗinsu sefa ce, irin ta Benin, Nijar da Burkina Faso, don haka canji ɗaya ya ishe ka duk tafiyar. An ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Bakano da ya saba da naira ya kula da lissafin Hausawan ƙasashen sefa: dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya sefa 1,000. In aka ce maka dala ashirin, sefa 100 ake nufi. Ka nemi ƙananan kuɗi tun daga iyaka, domin neman canjin takardar 10,000 a wurin ɗan acaɓa ɓata lokaci ne. Layin waya ka saya da fasfonka, na Moov Africa ko na Togocom da yanzu ya koma Yas, duka biyun suna da hanyar tura kuɗi ta waya.

Sai agogo. Togo tana bayan Najeriya, Nijar da Benin da awa ɗaya, lokacinta ɗaya da Ghana. Da ka ƙetare iyaka ka gyara agogonka, musamman in kana da jirgin da za ka kama.

Mataki na uku: zaɓi ƙofar shiga

Hanyar da aka fi sani ita ce ta bakin teku. Daga Legas ka bi Badagry zuwa Seme, inda Najeriya da Benin suka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a 2018. Daga nan Kwatano, Ouidah, Grand-Popo, sai Hillacondji, ƙofar fita daga Benin. Ɓangaren Togo sunansa Sanvee-Condji. Daga Kwatano zuwa Lome kusan kilomita 150 ne. A taswira tafiyar Legas zuwa Lome ba ta kai kilomita 300 ba, amma iyaka biyu da shingayen da ke tsakaninsu suna iya cinye maka wuni. Ka fita da asuba, ka yi ƙoƙari ka gama da iyakokin biyu da rana tsaka.

Ɗan arewa da Sokode ko Kara ya nufa ba shi da dalilin gangarawa har Legas. Ana shiga Benin ta Chikanda a jihar Kwara zuwa Nikki da Parakou, daga Parakou zuwa Djougou, sannan a ƙetara Togo ta Kemerida a faɗa Ketao da Kara. Wannan kusan sawun fataken goro ne na da, waɗanda suke tasowa daga Kano da Sakkwato da jakuna, su ratsa Nikki da Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Amma arewacin Benin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, musamman kusa da dazuzzukan iyakar Nijar da Burkina Faso, saboda haka kada ka kama wannan hanya sai ka tambayi direbobin da suka bi ta a makon, ba wanda ya bi ta bara ba.

Ta sama kuwa Lome ta fi girmanta. Kamfanin ASKY, wanda ya fara tashi a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, a nan yake da cibiya, kuma yana zuwa Legas, Abuja, Yamai, Akara, Njamena da Duwala. Filin jirgin Gnassingbe Eyadema a cikin gari yake, an buɗe sabon gininsa a 2016. Akwai fili na biyu a Niamtougou can arewa da Kara, amma kada ka gina tafiyarka a kansa, zirga-zirgarsa kaɗan ce.

Mataki na huɗu: daga iyaka zuwa cikin Lome

Garin farko da za ka tarar shi ne Aneho, wanda ya kasance hedikwatar Jamusawa kafin su koma Lome a 1897. Daga kan gadarsa kana ganin inda ruwan tafki yake haɗuwa da teku, kwale-kwalen masunta a jere a kan yashi. Gaba kaɗan sai Kpeme, inda wata doguwar gada ta kutsa cikin teku, ta nan ake loda ma'adinin fosfat da ake haƙowa a Hahotoe da Kpogame. Ka lura da manyan duwatsun da aka jibge a bakin ruwa. Teku tana cin wannan gaɓar, domin katangar tashar Lome ta tare yashin da igiyar ruwa take turowa daga yamma, sai yashi ya taru a yammacin tashar, gabashinta kuma ya riƙa zaizayewa. Tsohon titin Lome zuwa Aneho teku ta riga ta haɗiye sassansa. Kuma don Allah, wanda bai tashi a bakin teku ba kada ya shiga ruwan nan da sunan wanka. Igiyarsa tana ja da ƙarfi ko da ruwan iya gwiwa ne.

A cikin gari babur ne sarki, ana kiransa zemijan ko zem a taƙaice. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka sa hular kwano. Akwai manhajar Gozem ga mai son farashi tsayayye, da motocin safa na SOTRAL. Faransanci ne harshen ofis, Mina da Ewe ne na kasuwa, amma da Hausa za ka ci abinci ka sami masauki. Tsohon zangon Lome a tsakiyar gari yake, hukuma ta tashe shi a 1977 ta mayar da mutanensa arewacin birni, wajen Agoe da Togblekope, a bakin titin arewa. In ba ka san kowa ba, can za ka nufa, ka yi sallah a masallaci, ka gabatar da kanka ga mai unguwa ko wani dattijo. Baƙon da yake da mai masauki ba a cika taka shi ba.

Kasuwanni biyu ne ɗan kasuwa zai fara sani. Babbar kasuwar Adawlato, wadda ake kira Asigame, ita ce gidan atamfa, inda matan nan da ake wa laƙabi da Nana Benz suka yi suna da dukiya. Gobara ta cinye babban gininta a Janairun 2013, amma ciniki bai mutu ba. Kasuwar Hedzranawoe kuma ita ce ta gwanjo.

Mataki na biyar: tashar jiragen ruwa

A nan ne kuɗi suke, a nan ne kuma ake asararsu, don haka zan daɗe a kai.

In ka tsaya a bakin teku a Lome za ka ga jirage jere a can nesa sun yi anga suna jiran layi. Jamusawa sun gina gadar sauke kaya tun 1904, amma tashar da ake amfani da ita yanzu an buɗe ta ne a 1968. Abin da ya ɗaga ta shi ne zurfi. Sashen Lome Container Terminal, wanda ya fara aiki a 2014 da jarin rukunin MSC da China Merchants, zurfinsa ya haura mita 16, saboda haka manyan jiragen da ba sa iya shiga tashoshi da dama na yankin suna sauke kwantenoni a nan, ƙananan jirage su rarraba su zuwa maƙwabta. Ɗaya sashen, Togo Terminal, a da na kamfanin Bollore ne, yanzu yana hannun kamfanin AGL.

Ga yadda za ka bi da kayanka. Tun kafin a loda su a can China ko Turai, ka yanke shawarar inda za su ƙare, domin kayan da za a sayar a Togo daban, kayan da za su ratsa zuwa Nijar ko Burkina Faso daban, kuma dole takardar lodin jirgi ta nuna haka. Gyara wannan takarda bayan jirgi ya taso yana cin kuɗi da kwanaki. Na biyu, ka sami wakilin fitar da kaya mai lasin, wanda a can ake kira taransite. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ka ga lasin da idonka, kada ka miƙa takardunka na asali ga wanda ka haɗu da shi a bakin ƙofa. Na uku, ka aika masa kwafin takardu tun jirgi yana kan ruwa, domin ya shigar da bayanai a tsarin taga ɗaya na intanet da ake kira SEGUCE, inda ake haɗa biyan kuɗaɗen tasha. Harajin kwastan kuma yana hannun hukumar tara kuɗin shiga, OTR.

Abin da ya fi cin 'yan kasuwarmu shi ne jinkiri. Kamfanin jirgi yana ba ka wasu kwanaki kyauta, bayansu kowace rana sai ka biya kuɗin zaman kwantena, tasha ma tana lissafa nata kuɗin ajiya. Mutum ya zo da kuɗin haraji cif-cif, ya rasa na jinkirin mako ɗaya, sai ya koma neman bashi kuɗin kuma suna ta hawa. Ka tambayi adadin kwanakin kyautar a rubuce tun ranar da kake ciniki da kamfanin jirgi, kuma in kayan na ratsawa ne ka nemi ƙari, domin sai kwantenar ta je Yamai ta dawo fanko kafin a mayar maka da kuɗin ajiyar da ka bayar a kanta. Da yawa saboda haka suke gwammace su farke kwantena a Lome su juye kayan a tirela.

'Yan Nijar suna da ofishin majalisar masu amfani da sufuri ta ƙasarsu, CNUT, a Lome, kuma ta nan ya kamata su fara. Mai sayen mota a filayen da ke kewayen tasha shi ma ya duba lambar jikin motar da ta takarda harafi bayan harafi kafin ya biya ko dala. Ɗan Najeriya kuma ya tuna cewa tun farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka ya binciki matsayin dokar a wurin kwastan kafin ya sayi abin da zai maƙale masa a Seme.

Mataki na shida: titin arewa

Sunansa a hukumance N1. Motocin haya na arewa suna tashi daga tashar Agbalepedogan, kamfanonin safa kuma kowanne da harabarsa, har hukumar gidan waya tana da nata motocin. Ka sayi tikiti tun jajibiri ka hau ta safe. Ƙananan bas-bas da ake cusa mutane da kaya har saman rufi sun fi araha, amma ban ba ka shawarar su ba a tafiya mai nisa, ballantana da dare.

Kada ka tsaya neman jirgin ƙasa. Jamusawa sun shimfiɗa dogo zuwa Aneho a 1905, Kpalime a 1907, Atakpame a 1911, Faransawa suka ƙarasa shi Blitta, amma jigilar fasinja ta daɗe da tsayawa, abin da ya rage na ma'adinai ne. A ganina wannan ita ce babbar asarar ƙasar, domin duk nauyin da dogo ya kamata ya ɗauka ya koma kan kwalta ɗaya.

Da ka fita Lome za ka wuce Adetikope, inda aka buɗe rukunin masana'antu da tashar tudu da wurin ajiye manyan motoci a 2021, sai shingen biyan kuɗin hanya na Davie, sai Tsevie da Notse. Atakpame tana kusan kilomita 160, a kan tuddai, kuma gabas da ita ne madatsar Nangbeto take a kan kogin Mono. Daga nan Blitta, Sotouboua, sai Sokode a kusan kilomita 340. Sokode garin Kotokoli ne, mafi yawansu Musulmi, kuma unguwar Didaure ta samo asali ne daga fataken da suka yada zango suka zauna. In tafiyarka ta kwana biyu ce, nan ne wurin kwana.

Tsakanin Sokode da Bafilo ne Aledjo take. An fasa dutse gida biyu titi ya bi ta tsakiya, bango a dama bango a hagu, ga gangara ga kwana. Tirela mai nauyi tana hawa ne kamar mai rarrafe, yaron mota yana biye da ita da katakon waigi a hannu don ya cusa a bayan taya in ta fara ja da baya, kuma a ƙasan kwarin an sha ganin gawar motocin da birki ya yaudara. Yanzu an yi titin zagaye a nan da kuma Defale domin manyan motoci, abin ya yi sauƙi sosai. Duk da haka direba ya duba birkinsa a Sokode, ya sauka gangara da giya mai ƙaramar lamba. Lodi fiye da kima ma ba dabara ba ce, akwai sikelin auna motoci bisa dokar UEMOA, kuma tarar tana iya cinye ribar ƙarin kayan.

Kara tana ɗan haura kilomita 400 daga Lome. Bayanta Niamtougou, sai Kante, inda ake ratsewa zuwa Koutammakou, ƙasar Batammariba masu gidajen ƙasa masu hawa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004. Sai ƙasa ta baje, kuka da ɗorawa da kaɗanya su bayyana, ka ƙetare kogin Oti a Mango, tsohon masaukin ayarin fatake. Daga nan Dapaong, sai Sinkase a bakin iyaka, gari mai kasuwa da ya rabu tsakanin Togo da Burkina Faso, kusan kilomita 650 daga teku.

Mataki na bakwai: abin da ke bayan Dapaong

Yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun 2022, bayan hare-haren da aka kai a Kpendjal, gabas da Dapaong. Shingayen sojoji suna da yawa. Ka riƙe takardunka a aljihun gaba, kada ka ɗauki hoton shinge ko jami'i, kada ka sauka daga babban titi zuwa ƙauyukan gabas sai da ɗan gari da kuma dalili mai ƙarfi.

Kayan Nijar a da suna bin Sinkase, Koupela, Fada Ngurma, Kantchari zuwa Yamai, amma rashin tsaro ya lalata wannan hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da iyakar Nijar da Benin ta Gaya da Malanville ta rufe, kaya da yawa da suka saba bin Kwatano suka dawo Lome, motoci kuma suka koma zagayawa ta Kaya, Dori da Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Ayarin ba kullum yake tashi ba, mota tana iya yin makonni tana jira. Saboda haka kafin ka loda, ka zauna da mai motar ku rubuta wanda zai ɗauki kuɗin jira da abincin direba, ka sa inshora a kan kayan, kuma kada ka aika abin da zai lalace a rana, irin su kayan sanyi, ta wannan hanya sai ka tabbatar da ranar tashin ayari daga bakin ƙungiyar direbobi a Sinkase.